Sallamar Kawu a Bayan Ƙofa

Ranar sadakar uku ta Kawu, falonsa da ke hawa na huɗu a unguwar University Heights ya cika har wasu matan suka zauna a kan matakala. Duk wanda ya shigo sai ya durƙusa gaban Inna, matar Kawu, ya yi mata gaisuwa, ya ce Allah ya jiƙansa, sannan ya juyo ya dube ni. Na san kallon gaisuwa, na kuma san wannan ba shi ba ne. Labari ya riga ya zagaya cewa a ƙofar ajina Kawu ya faɗi, ina ciki da yara, na ji muryarsa, ban buɗe ba.

Wata dattijuwa 'yar Kumasi da ke zaune a unguwar Soundview, wadda jikokinta uku suka yi karatu a makarantarmu, ta rungume ni tana kuka. Da na shiga kicin ɗauko ruwa sai na ji ta tana gaya wa ta kusa da ita da Hausarsu ta Zango: "Yarinyan nan ne. Ya ji shi, bai buɗe ba." Babban ɗan Kawu, wanda ke aikin lodin kaya a filin jirgi, ya taso daga unguwar Jamaica da ke can wani gefen garin da tambayarsa a baki. Ni bai ce mini komai ba. Sai ya tsare hedimastan makarantarmu a gaban mutane, yana so ya ji ina amfanin kyamarorin da gwamnati ta ba da tallafi aka saka, in har tsoho zai faɗi a tsakiyar makaranta ba wanda ya gani. Wani Banijare kuma, abokin Kawu tun zamanin tuƙin tasi, ya ce shi tun ranar da gwamnati ta sa hannu a ƙofar nan ya san ba za a wanye lafiya ba.

Ban ga laifinsu ba. Da makokin wani ne, Kawu na zaune a wajen, da shi zai fara waɗannan tambayoyin, kuma da nasa sun fi nasu kaifi. Sai dai rabin labarin suke riƙe da shi, ni kuma ba na so a tuna da shi da rabin labari.

Kawu wan mahaifiyata ne. Ina da shekara goma sha ɗaya aka turo ni wajensa daga Kano. Da ya tare ni a filin jirgi, bai ce sannu da zuwa ba sai da ya karɓi fasfona, ya dubi hoton, ya dube ni, ya tambaye ni wace bishiya ce a tsakar gidan kakata. Na ce darbejiya. Sai a lokacin ya karɓi jakata. Haka yake. In wasiƙa ta zo sai ya ɗaga ta wajen taga ya duba kafin ya yage bakinta. In mai kanti ya rage masa farashi sai ya ajiye kayan ya tambayi abin da ya same su. Da wanda na aura ya zo neman aurena, sau biyu Kawu yana zuwa wurin aikinsa ba sanarwa, ya tsaya a tsallaken titi yana kallon yadda yake mu'amala da mutane. Kalmarsa guda ce, kuma har yaran da ba sa iya haɗa jimla da Hausa sun haddace ta: "Wa ya aiko ka?" Ya ce shekarun da ya yi yana tuƙin tasi a garin nan, madubin duba baya ya fi gilashin gaba koya masa hankali.

Amma zargin nasa ba hanya ɗaya yake bi ba. In ya tambayi yaro ko ya karya kumallo, yaron ya ce ya karya, Kawu ba ya yarda. Zai dubi leɓensa, ya zura hannu cikin aljihun babbar rigarsa ya fito da dabino. In mace ta ce lafiya lau ake a gida, ya ga ta faɗa da sauri, kafin magariba Inna ta buga mata waya. Ni kaina shekarar da cikina ya zube ban gaya wa kowa ba, na ci gaba da zuwa aiki ina dariya. Kwana biyu kawai na yi ina yaudarar mutane, a na uku na tarar da shi a ƙofar gidana da kular farfesu, yana faɗa wai mun mayar da shi bare.

Makarantarmu ƙarama ce, iyaye ne suka haɗu suka kafa ta a wani tsohon gini mai hawa biyu, aji shida. Ana koyar da karatun boko da na addini. Da Kawu ya ajiye tasi, ba wanda ya ɗauke shi aiki, shi ya kawo kujerarsa ta roba ya kafa a bakin ƙofa. Yara suna kiransa Kaka. Ya san wa ke zuwa ɗaukar wa, ya san wace gwaggo ce ta gaske, wace ce maƙwabciyar da ake kira gwaggo. Dokarsa ɗaya ce, kuma bai taɓa sassauta ta ba. Ba yaron da zai wuce shi bai yi sallama ba, kuma in babba ya yi sallama a ƙofar aji, ajin duka zai amsa da murya ɗaya, ba gunaguni. Yana gaya musu yin sallama alheri ne, amma amsa ta dole ce. Yaranmu ka yi musu magana da Hausa su mayar maka da Turanci, amma sallama kam suna amsa ta tiryan-tiryan, kuma aikin Kawu ne.

Sai dokar jiha ta iso mu. Kowace makaranta, ta gwamnati ko mai zaman kanta, dole ta tsara yadda za ta kare yara in wani ya shigo da makami, ta kuma riƙa yin atisayen kulle a cikin shekara. Tare da wannan akwai tallafin da jiha ke ba makarantu irin tamu don saka makullai da kyamarori. Ni ke koyar da aji biyu, kuma ni aka ɗora wa cike takardun, don na fi sauran haƙuri da irin wannan Turancin.

Ranar da kwamitin iyaye ya zauna a kan maganar, wata Asabar bayan azahar, Kawu ya bari kowa ya gama murna sannan ya miƙe. Ya ce makulli ya yarda da shi, don makulli ba ya gani, ba ya ji. Amma kyamara yana so a gaya masa wa zai riƙa kallon abin da ta ɗauka, a ina ake ajiye shi, kuma in wata rana wani ya zo da takarda ya ce a ba shi, wa ke da ƙarfin hana shi. Ya tuna musu shekarun da wasu baƙi suka riƙa zuwa masallaci da sabon gemu da tambayoyi masu yawa. Ya ce a cikin iyayen da ke shigowa ɗaukar yara akwai waɗanda takardunsu ba su cika ba, kowa a ɗakin ya san su, kuma shi ba zai zauna yana gani ana ɗaukar fuskarsu safe da yamma ba.

Ni kuma na gaji. Mako uku na yi ina fama da takardun nan, kuma ina ganin labarai irin yadda kowa ke gani. Na ce yara muke so mu kare, ba tsoron da ya wuce ba. Da na tsaya a nan da shi ke nan. Amma sai na ƙara da cewa wataƙila Kawu tsoro yake kada na'ura ta ƙwace masa kujera. Na faɗa a gaban mutane, ga mutumin da ya rene ni. Har yau in na tuna sai na ji kunya ta rufe ni.

Watanni ya yi ba ya mini magana. In na zo wucewa na yi sallama zai amsa, cikakkiya, yana kallon titi, don wannan kam ba ya iya hanawa. Daga baya aka raba gardamar: makulli a kowane aji, ƙararrawa a ƙofar waje, kyamarori kuma su fuskanci titi kawai, ba ko ɗaya a cikin gini. Ranar da aka zo sakawa, a ƙarƙashin tsanin mai aikin Kawu ya tsaya har aka gama, yana duba inda kowace ta kalla. Wannan ita ce amsar tambayar da ɗansa ya yi wa hedimasta ranar sadaka, kuma hedimasta ya yi shiru ne don bai so ya faɗa a gaban Inna.

Atisayen farko, makaranta ta gayyato wani tsohon ɗan sanda ya duba mu. An koya mana tsarin: a kulle ƙofa, a kashe fitila, a saki baƙin ƙyallen da ke rufe gilashin ƙofa, yara su taru a kusurwa su zauna, ba magana, har hedimasta ya zo da makulli ya buɗe da kansa. Mutumin ya bi ƙofa-ƙofa yana murɗa hannu, duk a kulle, ko tari bai ji ba. Ya ce mun yi kyau. Kawu da ke biye da shi bai gamsu ba, ya nemi a bar shi ya gwada. Ya tsaya a tsakiyar barandar ƙasa, ya gyara murya.

"Salamu alaikum."

Aji shida suka amsa a tare, na sama da na ƙasa, har ginin ya ɗauka. Ni da nake malamar ma na ji bakina ya amsa kafin hankalina ya iso. Hedimasta ya ce tsohon ɗan sandan ya fara dariya, sai ya dubi fuskar Kawu ya haɗiye ta. Da aka fito da mu na ga Kawu zaune a kujerarsa, hularsa a kan gwiwa. Ranar ce ya fara yi mini magana bayan faɗanmu. Ya ce, "Duk wanda ya zo da mugun nufi, kalma biyu kawai zai koya. Kuma ni na koya musu su nuna masa inda suke."

Ban taɓa ganin abu ya taɓa shi irin wannan ba. Ya je wajen liman, suka daɗe, ya dawo da mafita. In ana cikin kulle aka yi sallama, a amsa a zuci, baki a rufe. In an buɗe ƙofa, kowa ya miƙe a rama a fili, sau nawa aka yi sau nawa za a amsa. Shi da kansa ya bi aji-aji yana warware abin da ya shekara goma sha wani abu yana ɗaurawa. Daga nan duk atisaye shi ke zagayawa, yana sallama sau uku a kowace ƙofa kamar yadda baƙo ke yi, in bai ji komai ba ya wuce.

Sai dai Kawu ba ya yarda da shirun da bai gwada ba. Ya fara dabaru. Wata rana ya ce ya zo da dabino, wata rana ya kwaikwayi muryar uwar wani yaro. Akwai ranar da ya yi ta tari a ƙofar aji huɗu yana cewa a taimaka masa da ruwa, malamin ya buɗe, Kawu ya wanke shi tas a gaban ɗalibansa. Hedimasta ya kira shi ya ce abin ya yi yawa, dokar ma ba ta son a firgita yara, ya tsaya a sallama kawai. Ya ce to, amma wannan "to" ɗin ban yarda da ita ba. A ranar ya tare ni a bakin ƙofa ya ce, "Ke musamman. Ko muryata kika ji, ko na ce miki mutuwa nake yi, kada ki buɗe. Ba ki san wanda ke tsaye a bayana ba."

Ranar da abin ya faru Laraba ce, da hantsi. An riga an sanar da iyaye za a yi atisaye. Ajina shi ne na ƙarshe a barandar ƙasa. Na kulle, na kashe fitila, na saki ƙyallen, muka zauna a kusurwa ni da yara goma sha huɗu. Na ji takunsa yana tahowa daga ƙofa zuwa ƙofa. Sallamarsa ta farko a ƙofarmu ta fito yadda na san ta. Ta biyu ta ja, kamar mai magana da abu a baki. Sai na ji wani abu ya goga jikin ƙofar ya sulale ƙasa. Ta ukun daga ƙasa ta fito, wajen ƙafar ƙofa, da kyar aka gane ta.

Wata yarinya ta matso ta raɗa mini da Turanci cewa muryar Kaka ta canza. Na ɗora yatsa a leɓena. Ba zan ɓoye abin da ke raina a lokacin ba, don shi ya fi damuna. Na ce a zuciyata tsohon nan ya koma dabarunsa, kuma yau ni ya zo kamawa, ni da na yi masa gori a gaban kwamiti. Har murmushi na yi. Wayata tana aljihuna. Ba sai na buɗe ƙofa ba, layi ɗaya zan rubuta wa hedimasta ya leƙo. Na taɓa ta, na fasa, don ba na so a ce ni ma Kawu ya yi wasa da hankalina. Zargin da na yi masa a wajensa na koya, amma girman kan nawa ne.

Hedimasta daga hawan sama yake fara buɗewa. Ban san minti nawa aka ɗauka ba, kuma ban yarda na tambaya ba. Abin da na ji shi ne takunsa ya sauko, ya tsaya, sai salati.

Likita ta ce jini ne ya toshe a ƙwaƙwalwarsa, ɓarin jikinsa na dama ya shanye, kuma a irin wannan ciwon lokaci yana da muhimmanci. Ba ta ce da an yi sauri da ya tashi ba, ba ta kuma ce da ba zai tashi ba. Kwana tara ya yi a asibiti. A na biyar bakinsa ya ɗan saki. Ina zaune gefen gadon, Inna tana goge masa fuska, ya juyo da idonsa mai lafiya ya kafe ni da shi.

"Kin buɗe?"

"Ban buɗe ba, Kawu."

"Yara fa?"

"Ba wanda ya yi motsi."

Ya lumshe ido, ya ɗan gyaɗa kai. Na so in bar maganar a nan, na kasa. Na tambaye shi, don Allah, sallamar nan ta uku gwada ni yake yi ko kirana yake yi. Ya daɗe yana kallona, irin kallon da ya yi mini a filin jirgi. Sannan da rabin bakin da ya rage masa ya ce, "Wa ya aiko ki?"

Inna ta yi dariya, karo na farko tun ranar Larabar. Ni ma na yi, hawaye na zuba. Bai sake komawa kan maganar ba har Allah ya karɓi abinsa. Wasu ranakun ina ganin ya yafe mini ne ta hanyar da ya iya. Wasu ranakun kuma ina zargin ya san amsar ba za ta yi mini daɗi ba, shi ya sa ya tafi da ita. Inna ba ta taɓa ɗora mini laifi ba, ba ta kuma taɓa ce mini ba laifina ba ne. Ranar bakwai dai ta kira ni ɗaki ta miƙo mini hularsa, ta ce a kai makaranta.

Yanzu kwamiti yana so a nemi sabon tallafi a saka kyamara a barandu, babban ɗan Kawu ne kan gaba. Suna da hujja, kuma ni na fi kowa sanin hujjar. Takardun suna kan teburina kwana goma sha biyu ke nan. Duk lokacin da na ɗauki biro sai na ji ina tambayar wa zai kalla, a ina za a ajiye. Ban san ko zan sa hannu ba. Dattijuwar Soundview har yanzu in mun haɗu tana gaishe ni da fara'a, ni kuma ina bin bayanta da kallo.

Doka ba ta jiran makoki. Bayan arba'in da 'yan kwanaki lokacin wani atisayen ya zo. Na kulle, na kashe fitila, muka zauna a kusurwarmu. Ba wanda ya bi ƙofofi, ba takun kowa a baranda. Da hedimasta ya murɗa makulli ya buɗe, yaran suka miƙe tsaye yadda Kaka ya koya musu, sai suka tsaya suna kallona, don yau ba a yi sallamar da za a rama ba.

Sai na tuna. Ranar Larabar nan ta ƙofar bayan ajin aka fita da su don kada su gan shi a ƙasa, ni kuma na bi motar asibiti. Ba wanda ya rama. Na ce musu akwai, guda uku ne, tun ranan. Ba sai da na yi bayani ba. Muka fuskanci ƙofar, hedimasta ya ja gefe, muka amsa da murya ɗaya har sau uku. Ta ukun ni kaɗai na sunkuyar da kai na faɗe ta wajen ƙafar ƙofa, inda ya yi ta.

Ya Allah, bawanka ya tsare ƙofar 'ya'yan mutane iya ƙarfinsa. In ya iso taka ya yi sallama, kada a bar shi yana jira.

Wa alaikumus salam, Kawu.